Labo Mai Tele da Kangon Iro

Ranar kasuwar Gazawa, cikin watan Maris na 1985, Labo ya fara ganin wani mai suna Iro yana sauke tsohuwar na'urar majigi daga mota. Damina ba ta yi ba, rumbuna wayam. Labo ya yi dariya a ransa: wa zai biya kuɗin kallo da yunwa a cikinsa, ga tele, wato talabijin, kyauta?

Labo ne mai kula da telen da gwamnati ta ajiye a ƙofar gidan mai gari, kuma saboda ita ake auna masa dawa cikin kayan taimako. Mai gari ya faɗa masa sarai, in masu kallo suka watse za a kai ta wani gari, dawar ta bi ta.

Iro ya kama wani kango, ya rataya farin zane a bango. Kafin wata ya mutu, tabarmin Labo sai dattawa. Samari, magidanta, har makiyayan da shanunsu suka ƙare, duk suna kango. Labo ya ce asiri ne. Ya ce hoton ma duk zane-zane. In Iro ya gaishe shi, sababbin takalman Iro kawai Labo yake kallo. Matarsa Saudatu ta ce ya je ya gani mana, ya daina cin ransa.

Bayan isha ya je, rawani rufe da fuska. Ciki duhu. Ana cikin kallo mutumin da ke gefensa ya tuntsire da dariya, Labo ya gane muryar: surukinsa Tsoho ne, uban Saudatu. A gaban tele akwai fitila, kowa na ganin kowa. In suruki ya iso dole ka tashi, ba kuma mai dariya gaban babba. Nan kuwa kafaɗarsu na gogar juna, ba wanda ya motsa.

A bakin ƙofa Iro ya tare shi.

"Malam Labo, asirin ka zo ɗauka? Fitila kawai nake kashewa."

Washegari Labo ya roƙi mai gari a kashe tasu fitilar. Mai gari ya ce ba a zaman duhu a ƙofar gidansa.

Kafin ruwa ya sauka aka ɗauke telen. Labo ya tafi dako Jibiya, ya komo da damina ya kama noma. Iro ya ci gaba da majiginsa shekaru da dama. Labo bai ƙara shiga kangon ba, in zai je gona ma ta bayan kasuwa yake bi don ya kauce masa.