Ɗigon lalle a hannun Yaya

Shekarar da fasasshiyar kwalba ta yanke yayana a wuyan hannun dama, ina koyar da ilimin halittu a kolejin garinmu, Madarumfa. Yana jan koma a bakin tafki santsi ya kwashe shi, ya dafa taɓo, ashe kwalbar na ciki. A Maraɗi aka ɗinke masa jijiyar. Ciwo ya warke sarai, amma babban yatsa da manuni da na tsakiya suka zama kamar na aro. Masunci kuwa da su yake ɗaura ƙugiya, da su yake jin motsin kifi a zare. Ya kife kwale-kwalensa, ya koma zaman gindin bishiyar bedi.

Lokotoro, wato likitan da ya yi ɗinkin, ya ce a yi haƙuri, jijiya a hankali take tsirowa. Yaya bai yarda ba. A ganinsa abin da ya mutu ya mutu.

Ni ce na kawo zancen kifi, don in kwantar masa da hankali. Na tambaye shi ko ya taɓa kama tarwaɗar da gashin bakinta ya guntule. Ya ce sau nawa kuma, wani lokaci ma za ka ga sabo ya fito, siriri, bai yi duhun sauran ba. Na ce to gashin nan cike yake da jijiyoyi, da shi take lalube da ɗanɗano a cikin ruwa mai laka. In ya yanke, naman wurin yana fitar da wani sinadari mai kiran jijiya. A bakin jijiyar kuma akwai 'yan abubuwan da ke karɓar kiran, kowane sinadari da mai karɓarsa. Da ta karɓa sai ta miƙe tana yaɗo kamar kabewa, ta nufi inda ake kiranta. Na ce mu ma muna da irinsa, sai dai kifi ya fi mu nisa, don shi ko jijiyar idonsa ce ta tsinke yana iya mayar da ita.

Ya saurara tsaf. Abin da ya ɗauka a ciki shi ne ya ci kan kifi. Matarsa ta yi ta dafa masa kai safe da yamma har gidan ya ishi kowa da ƙarni. Na ce, "Yaya, ciki narkar da shi yake yi, ba ya kai wa hannu." Ya ce, "Malama, ke da allonki, ni da akushina." Na ƙyale shi, kan kifi dai ba ya kashe mutum.

Bayan an cire amfanin gona sai zogi ya fara. Ya ce kamar cinnaku na yawo a ƙarƙashin fata, in wani abu ya bugi tabon kuma sai ya ji kamar lantarki har tafin hannu. Tsofaffin bakin tafki suka ce mugun jini ne ya taru, wasu suka ce ai ruwa ne bai sake shi ba. Aka yanke shawarar wanzami ya zo ya yi masa tsaga a kan tabon, ya sa ƙaho.

Matarsa ce ta aiko mini. Na taso daga lakwal, wato makaranta, da alli a hannuna, na tarar har an shimfiɗa tabarma, wanzami na wasa aska. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa 'ya'yana aski ranar suna, amma ran nan ban ko gaishe shi da kyau ba. Tsoro nake ji, don daidai inda zai sa askar nan ne sabuwar jijiyar ke bi. In ya datse ta, ba mai sake ɗinke ta.

Na ce, "Yaya, wannan zogin shi muke jira. Jijiyar ce ta taso."

Ya ce, "Ba a jikinki yake ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi musu ba. Na kama hannun, na riƙa ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa tun daga tabon ina gangarowa, yana zabura, har na kai inda ya daina ji. Na ce nan bakinta ya tsaya. Matarsa na da kwaɓaɓɓen lalle a ƙoƙo, na lakato na ɗiga a wurin. Na ce ya ba ni lokaci har lallen ya koɗe. In mun ƙwanƙwasa ba ta wuce ɗigon ba, ni da kaina zan je in kira wanzami.

Wanzamin ne ya taimake ni. Ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce shi ba inda za shi, garin nan yake kwana.

Masunta suka samu abin tsokana. Duk wanda ya wuce sai ya tambayi amarya yaushe za a kai ta. Yaya ya riƙa ɓoye hannun a aljihun riga, ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don tun rasuwar Baba shi ne ubana.

Da lallen ya koɗe na ƙwanƙwasa. Ta wuce, da kamar faɗin yatsa. Ya dai miƙo hannun a sake ɗigawa. Haka muka bi ta, ɗigo bayan ɗigo, ta ratsa tafin hannu. Sai kuma ta yi kamar ta tsaya a gindin yatsu. Damina ta zo ta wuce. Na daina yi masa bayani, don ni ma na fara shakka, kuma kunyar haɗa ido da shi nake ji.

Wata ranar kasuwa da hantsi na biya gidan. Matarsa na suyar kifin sayarwa, tana tsamewa daga mai tana zubawa a faranti. Yaya na magana da ni kan rufin ɗaki da ke yoyo, ya miƙa hannun daman bai duba ba ya ɗauki ɗaya. Sai ya yar da shi, ya kai yatsu baki.

Ya ce wa matarsa, "Ke ba ki ce wa mutum da zafi?"

Matar ta tsaya da matsami a hannu. Ya ciro yatsun daga baki ya dube su, babban yatsa da manuni, sun yi ja. Ya sake ɗaukar wani kifin, mai na tsiyaya, ya riƙe shi gam da gangan, hawaye na bin gemunsa, har sai da na buge hannun.