Idon Da Na Ajiye Wa Dakta Nu'uman

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Satumba, 1999, ina zaune a shagona na kayan gini a Ƙofar Marusa, aka zo mini da labarin cewa Dakta Nu'uman Hussaini, ɗan ƙanwata Hajiya Kubura, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna. Ganawa ce za shi, ta neman gurbin koyon aikin likitan ido a wani asibiti a can.

Nu'uman, ni ban wuce aji uku a sakandare ba. Da hannuna na gina abin da na gina, ban taɓa durƙusa wa kowa ba. Amma kai, ɗan da na goya, ka sa na ji maganarka.

Kana yaro aka kawo wa kakarka Inna Furera wani mai sokar yanar ido, irin masu bin kasuwanni da tsinke. Ta ɗan ga haske, daga baya duhu ya rufe har ta koma ga Allah. Kai ne ka riƙa jan sandarta zuwa gidajen suna. Tun daga nan ka ce ido za ka karanta.

Ka tafi Sudan, ka dawo da likitanci, sai aka ce mai takardar waje sai ya sāke jarrabawa. Ka sāke, ka ci. Ka nemi gurbin ido, aka ce a kawo shaida daga Sudan. Kafin ta iso an rufe ɗauka. Bana da farar hula suka hau mulki, na ce maka yanzu muna da mutane, bari in yi magana. Ka yi dariya ka ce, "Kawu, ido bai san alfarma ba. In aka cusa ni ta taga, wa zai yarda in taɓa mashi nashi?"

Duk wannan jira bai hana ka aiki ba. Ranar Juma'a kana ƙofar masallaci da 'yar tocila, kana duba tsofaffi. Fulanin Batagarawa har shagona suke zuwa tambayar "likitan tocila".

Da yanar ido ta fara rufe mini na hagu, har na aika a kira mai tsinke, don ni ba mai zaman layin asibiti ba ne. Ka iske shi a zaure, ka gaishe shi da ladabi, ka raka shi bakin hanya. Ka dawo ka ce, "Kawu, idon ga nawa ne. Ka ajiye mani shi in gama koyo." Na ce in ka daɗe fa? Ka ce, "Ai na dama na nan, ya ishe ka faɗa da leburori."

Na ajiye, Nu'uman. Yanzu da shi ko hasken ƙofa da ƙyar nake gani, mai tsinke kuma ya sāke aiko mini bayan addu'ar uku. Na ce a gaya masa idon yana da mai shi. Bayan arba'in zan tafi asibitin da ka nufa, in zauna a layi kamar kowa, in roƙi a haɗa ni da ɗaya daga cikin masu koyo, waɗanda da yanzu kana cikinsu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka kamar yadda ka so haskaka wa bayinSa. Allah Ya ba Hajiya Kubura, da maiɗakinka Sadiyya, da 'yarka Zainab haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Alhaji Yari Mai Kayan Gini,
Ƙofar Marusa, Katsina.