Kayan Sanyin da Sakinatou Ta Wanke

Sakinatou 'yar Madawa ce, a ƙasar Nijar. Ta iso Greensboro ta Amurka a 1999, bayan mijinta Chaïbou, direban tasi, ya shekara uku yana jiranta. Aikin da ta fara samu shi ta riƙe: guga a wani shagon wanki da ke High Point Road, kusa da masu sayar da tsofaffin motoci. Ba mai yawan magana ba ce, sai dai hannunta ba ya zama.

A teburin da ke kusa da nata akwai Shabnam, 'yar Kashmir ta ɓangaren Pakistan. Shekara huɗu suna tsaye cikin tururi ɗaya, kowacce da guntun Turancinta, suna salla kan kwali ɗaya a bayan injuna.

Wata Asabar cikin azumin 2005, aka yi girgizar ƙasa a Muzaffarabad, garin su Shabnam. Duk da haka ta zo aiki, katin waya a hannu. Ta buga, ta sake bugawa, layi ya ƙi shiga. Talabijin ɗin shagon na nuna makarantu sun rufta kan yara, mutane na tonon siminti da hannu. Sakinatou ta jawo kwandon Shabnam gefenta ta goge duka. Sai a kwana na biyar labari ya zo: mahaifiyar Shabnam ta rasu a ƙarƙashin gidansu, ƙanenta da 'ya'yansa na kwana a fili, ga sanyin duwatsu na tafe.

Masallaci ya yi shelar a kawo kayan sanyi. Da Sakinatou ta ce za ta je ta taimaka, ana cikin shan ruwa, Chaïbou ya ajiye cokali.

"Maman Oumaima, bana namu ma yunwa ke cin su a gida. Wa ya taya mu?"

"Gaskiyarka, Malam. To amma wadda nake tsayuwa da ita kullum, in ce mata me?"

Washegari shi ya kai ta masallacin.

Abin da ta tarar ya ɓata mata rai. Takalma masu tsini, riguna duk maiƙo, safa ƙafa ɗaya, har da kayan ninkaya. Ta san irin wannan tarin. Lokacin yunwar tamanin da huɗu, tana 'yar shekara goma sha biyu, sun yini a layi ita da innarta, aka kwance dila aka miƙa wa tsohuwar yagaggen wandon namiji. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

Sakinatou ta sami shugaban kwamitin, wani dattijo ɗan Sudan.

"Alhaji, mutanen nan gida ya faɗo musu, ba juji suka zama ba. Ku bar ni in tsince."

Mai shagonsu ya yarda ta yi amfani da injuna ranar Lahadi. Lahadi uku a jere ta yi, da azumi a baki, tana wanki, tana gyaran zif, tana haɗa safa da 'yar'uwarta. Maƙwabciyarta Angelina, 'yar Jos, ta kawo barguna daga cocinsu ta zauna tana ninkewa. Shabnam kuwa ba ta iya taɓa kayan yara ba, sai ta ɗauki alƙalami tana rubuta wa kowane kwali da Urdu: na maza, na mata, na jarirai. Aka loda a mota aka tafi da su.

Cikin Disamba Shabnam ta je gida. Ta dawo a Fabrairu ta rame, ta yi duhu. Sakinatou ta bari aka yi mako guda kafin ta tambaya.

"Kayan sun isa?"

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Hanyoyi sun yanke. Na dai ga tufafi jibge a bakin titi, daga ko'ina a duniya. Wasu na sawa, wasu na ƙonawa don su ji ɗumi. Tanti aka fi nema, da kwanon rufi."

Sakinatou ta ajiye dutsen guga.

"To, ko wutar ce, ai sun ji ɗumi," ta ce.

Amma maganar ta tsaya mata a rai. A hanyar gida ta ce wa Chaïbou ba wankin ne ya dame ta ba. Abin da ya dame ta, Shabnam na gefenta duk kwanakin nan, ba ta taɓa juyawa ta ce mata me ƙanenki yake buƙata ba.

Shekara huɗu bayan haka ambaliya ta ci unguwanni a Agadas, 'yan Nijar na Greensboro suka taru a wani gida a unguwar Glenwood. Har an fara kawo buhunan tufafi, Sakinatou ta nemi a dakata. Ta kira wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a can a gaban kowa, ta saki muryar wayar. Matar ta ce tukwane suke so, da tabarmi, da gidan sauro, kuma duk akwai su a kasuwar garin.

Lokacin Shabnam ta koma Houston wajen ɗanta. Sukan yi waya ranar Salla, kuma yawanci hirar ciwon gwiwa ce.