Rawanin Sallata da Kwalbar Di'o

Ku da kuka shigo aikin kuku yanzu, ku saurara. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Lahadi ba, mako guda kafin Babbar Sallah, shekaru kaɗan bayan Turawa sun zauna Sakkwato.

Ina kuku a gidan Di'o, wato Baturen mulki da ke ƙarƙashin Razdan, babban Baturen lardi. A lokacin, in aka kore ka ba takardar shaida, ka gama aiki gidan Bature har abada. Ni kuma na ɗauko ƙanen matata, Dikko, daga Wamakko, magidanci mai 'ya'ya huɗu wanda fara ta cinye wa gero. Na tsaya masa aka ɗauke shi boyi, mai kai abinci tebur.

Di'o ya dawo hutu da kwalba ɗaya tak ta jar giyar inabi ta ƙasar Italiya. Ya tsayar da ita bayan randa kwana uku, ya ce kada kowa ya taɓa, Razdan zai zo cin abincin rana ran Lahadi. Ya ce mini tana da nauyi a baki, akwai ɗanɗanon busasshiyar ɗinya, da ƙamshin jar fata sabuwar jima, da ɗan ɗaci mai kama harshe. Sai nama mai kitse ke iya mata. Ni da ban taɓa kurɓa ba, ba kuma zan kurɓa ba, aka ce in dafa abin da zai dace da ita! Na je wurin mahauta tun da sassafe na zaɓo tozo, na dafa shi da albasa da kanumfari, ban sa barkono ba.

Hantsi ya yi, na leƙa wajen randa. Me zan gani? Dikko riƙe da kwalba, yana girgiza ta da ƙarfinsa kamar gorar fura.

"Innalillahi! Dikko, mi kay yi?"

"Yaya, gari na gani ya kwanta gindinta. Wa ka ba baƙo abin sha ba a motsa ba?"

Da gaskiyarsa, a gidanmu haka ake yi. Amma kwana ukun nan da Di'o ya tsayar da ita, don baƙin garin ya kwanta ne. Na ɗaga kwalbar ga haske, ta yi dama-dama kamar ruwan gulbi da damina. Saura sa'a biyu Razdan ya iso.

Dikko ya ce mu mayar mu yi shiru. Na ce a'a, ramin ƙarya ƙurarre ne. Na je na durƙusa gaban Di'o, na gaya masa abin da ya faru.

Fuskarsa ta yi jawur. Da Hausarsa ta Turawa ya ce, "In na ji kunya gaban Razdan, ku biyu ku tafi. Babu takarda."

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in tace ta, yadda mata ke tace gasara."

Ya ɗaga kafaɗa, ya cire mini toshiyar da kansa.

Duk ƙyallen kicin ya yi kauri, yana kuma warin albasa. Abu ɗaya ne mai laushin da zai yi: sabuwar harsar da na saya don rawanin Sallah, ko naɗawa ban yi ba. Na ninka ta huɗu, na ce Astagfirullah, na tsiyaya a hankali cikin kwano, na ɗauraye kwalbar na mayar. Ina kallo farin ƙyallena ya rine.

Da aka zauna tebur na laɓe bayan ƙofa. Dikko ya zuba musu a tambulan. Razdan ya kurɓa, ya ajiye tambulan. Wallahi jiran nan ya fi mini shekara. Ya yanki tozo ya tauna, ya sake kurɓa. Sai ya miƙo faranti a ƙara masa.

Ba wanda ya ce mana sannu, ba kuma wanda ya kore mu.

Abin da na koya ke nan: kada ka ce wa mutum "kar ka taɓa" ka tsaya nan. Gaya masa dalili, in ba haka ba zai yi maka irin alherin gidansu.

Harsar kuwa na binne ta bayan kicin. Ranar Idi na tafi da hula ziryan. Dikko na gefena, 'ya'yansa huɗu sun ci sun ƙoshi, sai ya ciro rawaninsa na gado ya miƙo mini.