Kadan da Kaka Ta Ƙirƙiro

A gidanmu na Zango, da an sallame magariba Kaka za ta jawo murhunta na gawayi tsakar gida, ta ɗora ruwan shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Sauran yaran unguwa sauraron tatsuniya suke yi, mu kuwa shiga cikin ta Kaka muke yi. Za ta ce, "Ga hanya nan, ga hanyarku," mu ce, "Ta zo mu bi ta." Daga nan kowa ya zama bafatake da jakinsa, an taso daga Kano za a Gwanja sayen goro, kamar yadda kakanninta suka yi kafin su yada zango a Wagadugu.

Tana da 'ya'yan tsamiya uku da ta goge wa gefe ɗaya ya yi fari. In an zo wurin haɗari, sai mai tafiyar ya watsa su a tabarma. Fari ya fi yawa, ka tsira. Duka baƙi, ka mutu, sai ka koma gefe ka jira wata tafiyar. Kuma tsohuwar nan ba ta da sassauci ko kaɗan. In ba ka ce ka cika salka a rijiyar baya ba, to ƙishirwa za ta kama ka. Ranar da na kutsa kogi da damina, na jefa baƙi uku, na yi kuka har da majina. Ko a jikinta.

"Maigidana, kogi bai san kai jikana ba ne," in ji ta. "Labarin da ba a mutuwa a cikinsa, wa zai ji tsoronsa?"

Na haddace wannan magana kamar karatun allo, na zama ɗan sandan wasan. Kowa ya yi kuskure ni ne mai tona shi.

Ƙanwata Hajara tana da amosanin jini, rabin shekara a kwance take yin ta. Ba ta taɓa kaiwa Gwanja ba, domin kullum ciwo kan katse mata tafiya, kuma ba ta da buri kamar ta ga ta kai. Shekarar da ta cika bakwai, aka dawo da ita daga asibiti ta rame ƙwarai. Ta dage sai an shimfiɗa mata tabarma kusa da murhu. Ranar Kaka ta yi ta gaggauta labarin, garuruwa suna wucewa kamar a mota, har muka iso kogi na ƙarshe. Hajara ta karɓi 'ya'yan tsamiya, ta sake su da ƙyar. Baƙi uku.

Kaka ko numfashi ba ta ja ba. Ta ce, "Sai ga wani tsohon kada ya taso, ya ce, yarinya, hau bayana ke da jakinki."

Na yi zumbur na miƙe, har Faransancin makaranta ya suɓuce mini. "Non, Kaka, wannan magudi ne! Kada ba ya ɗaukar jaki. Ni da na jefa baƙi uku ai kashe ni kika yi!"

"Zauna, Malam Lekol," wato malamin boko, ta ce a hankali, tana yi mini wani kallo da ban gane ba.

Ban zauna ba. Na yi ta kawo hujja, har Hajara ta ɗago kai ta ce, "Yaya yana da gaskiya, Kaka. Bar shi kawai, na mutu."

Kaka ta tattara 'ya'yan tsamiyarta ta ƙulle a bakin zane, ruwan shayi ya yi ta tafasa ba wanda ya sauke. Ni kuwa na kwanta ina jin daɗin na yi nasara. Bayan kwana tara Hajara ta rasu. Allah Ya jiƙanta.

Yanzu na haura arba'in. Duk Asabar nakan zauna da abokai a unguwar Tanghin mu yi wasan labari na kan tebur, da takardu da 'yan lido masu ɗigo-ɗigo da ake jefawa, ni ne mai ba da labarin. Sukan yi ta gardama a kan ko abu kaza zai yiwu a zahiri, nauyin takobi, nisan tafiyar doki. Ina son wannan gardamar, domin har gobe na yarda da Kaka cewa labarin da ba shi da haɗari na gaske ba ya kama zuciya. Amma na makara kafin in gane cewa saboda masu zaune a tabarma aka yi dokar, kuma mai ba da labari dole ya riƙa duban fuskokinsu. Abin yana ci mini rai har yau, ban iya yafe wa kaina, yaron nan mai shekara goma sha ɗaya, ba.

Kaka ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai da na girma, tana gab da barin duniya, na tambaye ta dalilin da ya sa ta karya dokarta a ranar. Ta ce, "Kai dokar wasa ka sani, maigidana. Ni kuwa da safiyar ranar likita ya riga ya faɗa mini Hajara ba za ta tashi ba."