A Kula da Kula

Duk wanda ya yi lodi a tashar Kontagora lokacin korona ya san Malam Ɗanjuma, masinjan asibiti. Kafin ka ga fuskarsa za ka ga wata shuɗiyar kula rungume a ƙirjinsa, yana ratsa mutane yana cewa, "A kula da kula, jama'a, a kula da kula." Ni ne direban da Allah ya haɗa da shi. Kusan shekara biyu ina kai shi Abuja, har yau gajiyar ba ta sake ni ba.

Ba abinci ne a kular ba. Audugar nan ce da ake zura wa marasa lafiya a hanci, a sa a 'yan kwalabe, a jera cikin ƙanƙara. A Abuja akwai ɗakin gwajin da ke duba cikin ƙwayar cutar, ya faɗi wace iri ce, daga ina kuma ta biyo. Sharaɗi ɗaya ne, ta isa da sanyinta. In ta sha zafi a hanya, an yi aikin banza.

Ni bokona bai yi nisa ba, nasa ma haka. Amma a rugagen Zugurma ya tashi, sai ya fahimci lamarin ta hanyar shanu. Ran da na ce masa, "Malam, wa ya aike ka? Rabin garin nan ba su ma yarda akwai cutar ba," sai ya dube ni kamar na ba shi tausayi.

"Sule, saniyarka ta haifi maraƙi mai baƙon launi, ba za ka nemi bijimin ba? To cuta ma tana da uba."

Da aka ce wata mai suna Delta ta shigo, cewa ya yi, "'Yar waccan ce, ta fi uwar rashin kunya." Da Omikiron ta zo ya ce jika ce. Abin da ya ɓata masa rai kawai, an yi suna ba a gayyaci kowa daga Neja ba.

Kujerar gaba ta kula ce, shi yana baya ya miƙo hannu yana dafe da murfin. Wata rana wata Hajiya mai kai atamfa ta riga mu zama a gaba, ta ce ba inda za ta.

"Hajiya, yi haƙuri. Ke in kin ji zafi gumi za ki yi. Su in sun ji zafi lalacewa suke yi."

"Su wa, bawan Allah?"

"Korona ce. Ta mutum goma sha."

Ban taɓa ganin mace mai jiki ta fita daga mota da sauri haka ba. Sauran fasinja suka bi ta. Haka na ja mota wayam har Abuja, shi kuwa yana cewa ai yanzu iska ta fi shigowa.

A wani shinge kuma wani mai kaki ya leƙo, ya rantse naman daji ne, dole a buɗe. Malam Ɗanjuma bai yi gardama ba. "Bismillah, yallaɓai. Koronar Auna ce a sama, ta Kaboji a ƙasa, ita ta fi kama ƙirji. Wacce za a zuba maka?" Daga ranar, mutumin nan yana hango motata yake ɗaga sanda tun daga nesa.

Wadda ba zan manta ba ita ce ta azumi. Mota ta mutu mana bayan Tegina, rana tsaka, babu ko inuwa. Ina ƙarƙashin mota ina fama, na leƙo na ga dattijo daga shi sai singileti. Ya tuɓe rigarsa ya jiƙa da ruwan lagireto da nake ajiyewa, ya naɗe kula, ya tsaya a kanta da lema, rana na dukan ƙeyarsa.

Na ce, "Malam, don Allah ɗan ƙanƙara guda in ɗora a kai, jiri nake ji."

"Kai in ka suma zan yayyafa maka ruwa ka farfaɗo. Ita fa?"

Na zage shi a zuci, Allah ya yafe mini, da azumi a bakina.

Bazara ta zagayo, shi ma cutar ta kama shi, ga ciwon suga da ma. Aka zura masa audugar kamar kowa. Ya aiko a kira ni, na tsaya ta taga saboda ba a shiga. Da ƙyar yake jan numfashi, amma bai fasa ba da oda ba.

"Tawa tana cikin kular. Kada ka tsaya cin tsire a Lambata, na san halinka. In ka isa ka kira ni ka gaya mini yadda ta isa."

Ban tsaya ko'ina ba. Ma'aikaciyar da ke karɓa ta buɗe, ta sa hannu, ta ce, "Da sanyinta. Yau ina Baba?" Na fito waje na kira lambarsa. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce an kai shi bayan azahar.

Na zauna a mota na daɗe ban tayar ba, saƙon yana bakina babu wanda zan ba.

Ya Allah, bawanka ne, ya riƙe amanar da mutane da yawa ba su san yana riƙe musu ba. Ka gafarta masa, ka sanyaya masa makwanci.