Taki uku a burtali

Shekarun baya, lokacin da na dawo ƙauyenmu na ƙasar Rabah da takardar gama makaranta da ɗan karen zafin kai, akwai wani dattijo da muke kira Baba. Tun kafin a haife ni shi ke jan matasa aikin gayya: cike ramukan hanyar Gandi, yashe rijiya, rufe ajin da iska ta yaye. Amma babban aikinsa burtali ne. Kafin damina yakan tara mu, ya kira Ardon Fulani, a bi hanyar shanu ana dasa shingen aguwa a gefe, don kada gona ta ci hanya, kada shanu su ci gona.

Ni abin ƙona mini rai yake yi. Aikin wuni ɗaya sai ya ci mako, don sai Baba ya gaisa da kowa, ya sha fura a ruga, ya tambayi lafiyar maruƙa.

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ina ganin hadari ya fara haɗuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Na tara samari na ce kafin azahar mun gama. Wani abokina ya ce, "Ardo hwa?" Na ce Ardo ya zo ya tarar da aiki. Da muka iso gonar mahaifina kuwa, sai na tura aguwar taki uku cikin hanya. Kowa ya gani, aka ci gaba da dashe.

Da shuka ta fito, shanu suka matsu a wurin, suka faɗa gonar maƙwabcinmu. Kafin ka ce me, manoma da Fulani sun ɗaga sanduna, har Ardo ya iso. Ana cikin haka aka sauke Baba daga babur, ƙafa a kumbure. Ya dubi layin aguwar, ya dube ni. Gonar Baban ce ke fuskantar tamu a ɗaya gefen hanyar.

Ya ce, "Ardo, mu munka yi kure. A tumɓuke na wajena, a shiga gonata taki ukku."

Na matso na ce, "Baba, ai ni ne..."

Ya rage murya. "Na sani. In na hwaɗi sunanka yau, wa za ya bi ka gayya gobe?"

Washegari na tumɓuke tawa na mayar inda ya kamata. Shi kuwa ya ƙi mayar da tasa, wai ya riga ya faɗa gaban Ardo.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ni ke jan gayyar, kuma har yau gaggawar ba ta sake ni ba, danne ta kawai nake yi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne 'ya'yansa. Sun gaji gonar da ragin taki ukun nan, suna gaishe ni da ladabi, kuma har yanzu ban iya buɗe baki na gaya musu dalili ba.